Masu taɓin hankali a hannun shari'a: Wa ke yanka wa'adi, wa ke sa ido?

A duk lokacin da wata kotu a Kano ta ba da umarnin a kai wanda ake tuhuma asibitin Dawanau domin a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, hankalin jama'a kan tattaru ne a kan tambaya ɗaya: da hankalinsa ko babu?

Haka aka gani a watan Satumba na 2021, lokacin da Babbar Kotun Shari'ar Musulunci da ke Ƙofar Kudu ta umarci likitoci su duba Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara. Rahoton likitoci ya nuna lafiyarsa ƙalau, aka kuma ci gaba da shari'a.

To sai dai akwai waɗanda sakamakon nasu kan zo akasin haka, kuma galibinsu ba sanannu ba ne. Idan likita ya tabbatar cewa mutum ba shi da hankalin da zai kare kansa a gaban alƙali, ko kuwa kotu ta gamsu cewa ya aikata abin da ake zarginsa da shi amma a cikin halin taɓuwa, ina za a ajiye shi? Har tsawon wane lokaci? Idan kuma ya sami sauƙi ya fito, wane ne zai riƙa bibiyar lafiyarsa?

Wasu ƙasashe sun daɗe suna muhawara a kan ko ya dace a tsawaita ikon da doka take da shi a kan irin waɗannan majinyata bayan wa'adinsu ya cika. A Kano kuwa, matsalar tana da fuska biyu. Wanda yake tsare ba shi da wa'adin da zai ƙirga, wanda aka saki kuma babu mai waiwayarsa.

Abin da doka ta tanada

Asalin hukuncin ba baƙo ba ne ga al'ummar Musulmi. A fiƙihu, hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum alhakin aikinsa. Malaman mazhabar Malikiyya sun tafi a kan cewa ba a yi wa mahaukaci ƙisasi a kan abin da ya aikata a lokacin haukarsa. Ana ɗaukar kisan da ya yi a matsayin na kuskure, diyya kuma ta hau kan danginsa na wajen uba.

Kundin Final Kod, wanda ya fara aiki a arewacin Nijeriya a 1960, ya zo da makamancin haka a sashe na 51. Sashen ya ce abin da mutum ya aikata ba laifi ba ne, muddin rashin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa abin ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka.

Amma wanke mutum daga laifi ba ya nufin a buɗe masa ƙofa ya tafi gida. Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta arewa ta 1960 ta tanadi cewa a tsare shi a wuri amintacce, a kai rahoto ga gwamna, shi kuma ya yanke inda za a ajiye shi. Dokar ba ta yanka adadin watanni ko shekaru ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, da takwararta ta Jihar Kano ta 2019, sun sabunta abubuwa da dama, amma ginshiƙin tsarin na nan yadda aka gada.

Tushen wannan tsari yana Ingila. A shekarar 1800 wani tsohon soja mai suna James Hadfield ya harbi Sarki George na Uku a wani gidan wasan kwaikwayo a London, bai same shi ba. Kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali, sai majalisar dokoki ta yi gaggawar kafa dokar da ta ba da damar tsare irinsa har sai lokacin da sarki ya ga dama. Turawan mulkin mallaka sun shigo da wannan ƙa'ida Nijeriya, gwamna ya maye gurbin sarki. A arewa kuma, a zamanin En'e, wani ɓangare na gidan yari aka saba warewa domin ajiye mahaukata.

Shi ma kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 35, ya halatta tsare mai taɓin hankali, amma ya faɗi dalili: domin kula da shi, ko yi masa magani, ko kare al'umma. Sashen ya kuma hana a tsare mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da doka ta yanka wa laifin da ake tuhumarsa da shi. Wannan tanadi na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi a kan masu taɓin hankali.

Fagge da Sabon Gari: baƙon da ba shi da mai tsaya masa

Babu inda raunin wannan tsari yake fitowa fili kamar ƙaramar hukumar Fagge, wadda Sabon Gari ke cikinta. Tun kafin zuwan Turawa, Fagge zango ne na fatake da Buzaye masu ayarin raƙuma. Sabon Gari kuma an kafa shi ne a wajejen 1913, bayan isowar jirgin ƙasa, domin zaman baƙi daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar kusan mutum 200,000, amma waɗanda ke kwarara Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari da tashoshin mota a kullum sun sa yankin ya zama matattarar 'yan ci-rani da 'yan dako da masu neman na abinci daga nesa.

Muhimmancin wannan a shari'a shi ne, doka ta jingina sakin mai taɓin hankali a kan dangi. Idan laifin na beli ne, kotu na iya miƙa shi ga ɗan'uwa ko aminin da zai ɗauki alkawarin kula da shi, ya hana shi cutar da kansa ko wani, ya kuma kawo shi duk ranar da aka nema. Ɗan cikin birni, wanda mai unguwa ya san gidansu, yana iya samun mai tsaya masa kafin rana ta faɗi. Ɗan ci-ranin da ya zo daga Damagaram ko Maraɗi, ko yaron shagon da iyayensa ke Onitsha, wani lokaci ko sunan garinsu ba zai iya faɗa daidai ba a halin da yake ciki.

Irin wannan mutum, idan an kama shi, kotunan majistare irin na Nomansland ne kan fara ganinsa. Idan tuhumar ta kisan kai ce, majistare ba shi da hurumin sauraronta. Abin da zai iya yi shi ne ya tura shi gidan yari, Kurmawa ko Goron Dutse, a jira shawarar ma'aikatar shari'a. Mai cikakken hankali ma kan daɗe a wannan jira, domin kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne. To balle wanda ba ya iya rubuta koke, ba ya iya kiran lauya, shari'arsa kuma ba za ta motsa ba sai likita ya ce ya warke.

A nan ne ake shiga wani irin zagaye marar mafita. Ba za a yi shari'a ba sai ya sami lafiya, ba zai sami lafiya ba sai da magani, maganin kuma ba a kurkuku yake ba. Mutumin da ya fasa gilashin mota, laifin da ɗaurinsa ba shi da yawa, yana iya shafe lokacin da ya ninka hukuncin da za a yanke masa da yana da hankali.

Wannan ba sabon koke ba ne. A watan Fabrairu na 2008 ƙungiyar Amnesty International ta fitar da rahoto a kan gidajen yarin Nijeriya, inda ta nuna cewa ana tsare da masu taɓin hankali, har da waɗanda ba a tuhumar su da laifin komai, iyalansu ne kawai suka gaza kula da su.

Miyagun ƙwayoyi sun ƙara dagula lamarin

Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta Nijeriya, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a ƙasar. A Jihar Kano an ƙiyasta kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, wato sama da mutum miliyan ɗaya.

Sabon Gari ya daɗe yana cikin wannan magana saboda kasuwar magunguna da ta bunƙasa a cikinsa. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai sinadarin kodin, a watan Fabrairu na 2024 kuma hukumomi suka rufe fiye da shagunan magani 1,000 a yankin, domin tilasta wa 'yan kasuwar komawa sabuwar cibiyar da aka gina a Dangwauro.

A wajen doka, wanda ya bugu da gangan ba shi da uzurin da mahaukaci yake da shi. A wajen likita kuwa, iyakar ba ta fito sarai haka ba, domin shan wiwi da wasu ƙwayoyi na tsawon lokaci na iya tayar da ciwon da zai zauna ko bayan an daina sha. Rarrabe waɗannan aiki ne na ƙwararre, ƙwararrun kuma sun yi ƙaranci. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Nijeriya ta sha bayyana cewa mambobinta da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200.

Ya kamata a lura cewa akasarin masu fama da taɓin hankali ba sa cutar da kowa, hasali ma su aka fi cutarwa. Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, haɗari yakan ƙaru ne idan majinyaci ya bar shan magani, ko ya haɗa ciwonsa da shaye-shaye. Waɗannan abubuwa biyu kuwa bayan sallama suke faruwa, a daidai lokacin da hukuma ta riga ta janye hannunta.

Yadda wasu ƙasashe suke yi

A jihar New South Wales ta Ostareliya, idan mutum ba zai iya fuskantar shari'a ba, kotu kan yi zama na musamman. Idan hujja ta nuna ya aikata, sai ta yanka masa wa'adi daidai da ɗaurin da zai samu da yana da lafiya. Wata kotu ta musamman mai ɗauke da lauya da likita kan sake duba lamarinsa kusan duk wata 6.

A 2013 jihar ta ƙara wani tanadi. Idan wa'adi ya kusa cika, minista na iya neman babbar kotun jihar ta tsawaita matsayin majinyacin har zuwa shekara 5. Amma sai gwamnati ta tabbatar da abu biyu da hujja mai ƙarfi: cewa sakinsa haɗari ne babba ga wasu, kuma babu wata hanya mafi sauƙi da za a iya shawo kan haɗarin. Kotun kan naɗa ƙwararru biyu su duba shi. Masu kare haƙƙin naƙasassu na sukar tsarin da cewa ana iya sabunta shi sau da yawa har ya zama ɗaurin rai da rai ta bayan gida. Magoya bayansa kuma na cewa tsawaitawar ba lallai ta kasance a kulle ba, domin majinyaci na iya zama a gari bisa sharuɗɗa.

A Ingila, dokar 1983 ta ba kotu ikon tura mai laifi asibiti tare da ƙayyade sallamarsa. Idan an sallame shi bisa sharaɗi, likita da jami'in walwala ne ke bibiyarsa, ministan shari'a kuma na iya mayar da shi asibiti idan al'amura suka canza. Muhawarar ta sake zafi bayan kisan mutum uku a birnin Nottingham a watan Yuni na 2023, wanda wani majinyaci da ya daina shan magani ya aikata.

A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1972 cewa ba za a tsare mutum har abada ba don kawai ba zai iya fuskantar shari'a ba. John Hinckley, wanda ya harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, kotu ta wanke shi saboda taɓin hankali a 1982. Ya zauna a asibiti har 2016, sannan aka bar shi ya koma wajen mahaifiyarsa bisa sharuɗɗa, sai a 2022 aka ɗage su baki ɗaya. Italiya kuwa ta kafa doka a 2014 cewa tsarewar ba za ta wuce iyakar ɗaurin laifin ba, ta kuma rufe tsofaffin asibitocinta na masu laifi.

Ba sai an je Turai ba ma. A watan Mayu na 2003, a zamanta na birnin Yamai, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta yanke hukunci a kan ƙarar da aka shigar da Gambiya game da dokarta ta tsare mahaukata ta 1917. Hukumar ta sami ƙasar da laifi saboda dokar ba ta ba wanda aka tsare hanyar ƙalubalantar tsarewar ko sake duba ta ba, ta kuma nemi a kafa kwamitin ƙwararru ya duba lamarin kowane majinyaci. Yarjejeniyar da hukumar ta dogara da ita ta zama dokar cikin gida a Nijeriya tun 1983.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne, nauyin kawo hujja yana kan hukuma. Ita ce za ta koma gaban alƙali ta bayyana dalilin ci gaba da riƙe mutum. A tsarin da Nijeriya ta gada kuwa, idan kowa ya yi shiru, mutum na nan a tsare.

Sababbin dokoki, tsohon hali

Nijeriya ta yi amfani da dokar mahaukata ta 1958, wadda asalinta ke komawa 1916, har tsawon shekaru fiye da 60. A 2003 aka fara gabatar da ƙudurin sauya ta a majalisar dattawa, Sanata Dalhatu Tafida na cikin waɗanda suka kawo shi. Sai a watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa. Dokar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da asusu, da kwamitin sauraron koke, ta kuma amince cewa majinyaci yana da haƙƙoƙin da ba a tauye su sai bisa ƙa'ida.

Kafin nan, dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban gidan yari ikon ƙin karɓar wanda aka kawo masa cikin halin taɓuwa, ta kuma yi tanadin kwamitocin duba lafiyar ƙwaƙwalwar fursunoni a jihohi. Gyaran tsarin mulki na watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali.

To sai dai kisan kai da rauni da ɓarna laifuka ne na dokar jiha, a kotunan jiha ake shari'arsu, kuma gwamna da babban lauyan jiha ne ke da ta cewa a kan makomar wanda aka tsare. Saboda haka gyaran da zai taɓa rayuwar mutumin da aka kama a Fagge yana hannun majalisar dokokin Kano da ɓangaren shari'a na jihar.

Akwai kuma abin da ke jiran majinyaci a waje. A watan Oktoba na 2019, bayan samamen da aka kai a Rigasa ta Kaduna da Daura, gwamnatin Kano ta rufe gidajen mari. A watan Agusta na 2020 'yan sanda suka riƙa ceto mutanen da iyalansu suka kulle a gida na tsawon shekaru, ciki har da wani dattijo a Rogo da aka ce ya shekara 30 a ɗaure. Waɗannan iyalai ba duka ne mugaye ba. Da yawansu tsoro da talauci ne suka sa su koma ga mari, domin kuɗin magani na wata-wata ya fi ƙarfinsu, kuma babu jami'in da ke leƙowa. Miƙa majinyaci ga dangi ba tare da tallafi ba, sau da yawa sauya masa kurkuku ne kawai.

Ina mafita?

Masu ra'ayin a tsaurara na cewa ran ɗan Adam ba abin gwaji ba ne, kuma iyalan wanda aka kashe suna da haƙƙin samun tabbacin cewa abin ba zai sake faruwa ba. Wannan magana ce mai nauyi, domin idan jama'a suka ga hukuma na sakin mutum ba tare da sa ido ba, suna iya ɗaukar doka a hannunsu. Masu kare haƙƙin majinyata kuma na cewa wanda shari'a ta wanke bai kamata ya fi mai laifi daɗewa a kulle ba.

Ana iya biyan buƙatar ɓangarorin biyu idan aka raba tsawaita sa ido da tsawaita ɗauri. Matakin farko shi ne ƙirga: rajista guda a hannun babbar kotun jiha, mai ɗauke da sunan duk wanda ke tsare saboda taɓin hankali, da tuhumarsa, da ranar da likita ya gan shi na ƙarshe. Na biyu, kowane umarnin tsarewa ya zo da wa'adi da ranar komawa kotu, kuma duk buƙatar ƙari ta kasance a gaban alƙali, da rahoton likita, da lauya mai kare majinyacin. Na uku, sallama ta zama mataki-mataki, bisa sharaɗin zuwa asibiti da barin shaye-shaye, tare da magani kyauta. Akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata, wadda ma'aikacin jinya a asibitin unguwa zai iya yi, ya kuma sanar idan majinyaci bai zo ba.

Ga baƙon da ba shi da dangi kuwa, tarihin yankin ya riga ya ba da amsa. A tsohon Fagge, fatoma ne ke tsaya wa baƙon da ya sauka a gidansa. A yau akwai masu unguwanni, da shugabannin ƙabilu mazauna Sabon Gari, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, da masallatai da coci-coci, waɗanda suka san hanyar gano garin mutum da danginsa. Doka na iya amincewa da su a matsayin masu tsayawa. Nijeriya ma ta taɓa zama abin koyi a wannan fanni, domin a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowanne tare da ɗan'uwansa, suna zuwa asibiti da rana.

Duk waɗannan matakai na buƙatar kuɗi da ma'aikata, kuma asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Aminu Kano suna ɗauke da nauyin jiha mai miliyoyin jama'a da maƙwabtanta. Amma ciyar da mutum a kurkuku shekara da shekaru shi ma kuɗi ne, kuma ba ya warkar da kowa. Abin da ya rage shi ne a ga ko majalisar dokokin Kano da shugabannin shari'a za su ɗauki batun tun yanzu, ko kuwa sai wani mummunan lamari ya tilasta musu yin doka cikin fushi.